Rasuwar Ƙofar Gaba ta Hannun Dama

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, ni tsohon mai gyaran sikeli da ke ƙarshen layi, a madadin kaina da 'ya'yana, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da duk wanda ya taɓa shiga motata rasuwar ƙofar gaba ta hannun dama. Ta cika ranar Talata da hantsi a garejin mai walda, bayan doguwar jinyar da ba wanda ya san tana yi. Shekarunta ashirin da shida a hannuna. Waɗanda ta yi kafin nan, wanda ya sayar mini da motar bai faɗa ba.

Ciwon ya bayyana ne wani dare da aka ɗauke ruwa. Na fito in matsar da motar daga ƙarƙashin bishiya kada reshe ya faɗo mata. Ina taka birki sai na ji daga gefen dama: cakal, cakal. Na kashe inji na saurara, shiru. Na girgiza motar da jikina, ta sake cewa cakal. Ni mutum ne mai son abin al'ajabi. A kan tagar ɗakina akwai dutse mai kama da kunne, da makulli mai baki biyu, da wata ƙusa da na tsinta a ƙulle kamar igiya. Don haka ban tsorata ba, murna ma na yi. Na taɓa ji a rediyo wai akwai koguna a ƙarƙashin ƙasa da ido bai taɓa gani ba, sai na ce to, ni ma an ba ni nawa a cikin ƙofa. Wata biyu ina taka birki da gangan don in ji shi. Ashe nishin ciwo nake saurare kamar kiɗa.

Marigayiya ƙofa ce mai kunya da haƙuri. Ba ta taɓa buɗewa a kan hanya ba, ba ta taɓa datse yatsan yaro ba. A zamanin ƙuruciyarta idan aka rufe ta sai ta ce gif, sau ɗaya tak, kamar dattijuwar da ta gama magana. Hannun murɗa gilashinta kuwa yakan ce ƙii, ƙii, ƙii, murɗa tara daga sama zuwa ƙasa. Na ƙirga.

Direbobi na kiran wannan gefe wajen mai zaman banza. A motata ba a taɓa zaman banza a can ba, domin nan ne mazaunin uwar 'ya'yana. Daga nan take nuna mini ramukan da na riga na faɗa. Daga nan take cewa, “Maigida, wannan tafiyar taka, ko mai keke ya wuce mu yana gaisuwa.” Tana cin dabino tana jingina gwiwar hannunta a kan matashin ƙofar, har soson ya lotsa, ya yi ɗan gurbi daidai ita. Ƙofar ta kai ta haihuwa sau uku. Ta kai ta asibiti sau da yawan da ban so in ƙirga ba.

A nan ne zan faɗi abin da ya sa na ɗauki biro, domin sanarwar da ta ɓoye dalilin mutuwa ba ta cika ba.

A shekarar da jikin uwar 'ya'yana ya yi rauni, sanyi ya riƙa damunta a ƙafa. Ko rana na tsakiya sai ta ce, “Maigida, iska na shigowa ta wani waje.” Na shimfiɗa buhu na kwanta a ƙarƙashin motar da tocila. A can gindin ƙofar, inda ido ba ya zuwa, na ga 'yan huji uku a jere, kowanne bai fi ƙwayar wake ba. Na ce na kama ɓarayin. Ni da na yi shekara arba'in ina gyaran sikeli, na san duk inda aka ga huji to wani abu na zurarewa. Na cusa tsumma, na ɗiga kakin kyandir, na bi da kwalta na shafe tsaf. Da muka fita washegari na tambaye ta ko ta ji bambanci. Ta ce, “Na ji, sannu da aiki.” Yanzu na gane don kada wahalata ta tafi a banza ta faɗa.

Ranar da na kai ta asibiti kaiwar ƙarshe, ta sauke gilashin kamar faɗin yatsa biyu don ta sha iska. Na dawo ni kaɗai. Gilashin nan ban ɗaga shi ba, ƙofar nan ban sake buɗe ta ba, ban kuma bar kowa ya buɗe ba. Damina uku ta wuce a haka.

Autata ce ta tona asiri. Ta zo hutu, ta shiga baya, ta toshe hanci.

“Baba, motar nan warin rijiya take.”

“Kogi ne da ni a ƙofa,” na ce mata, har na taka birki don ta ji.

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, “Juya, gareji za mu.”

Mai walda ya tsuguna ya shafa gindin ƙofar, fentin ya tashi ƙuraje-ƙuraje. Ya sa tsinken ƙarfe ya soki kwaltar. Jama'a, ruwa ja kamar shayin da ya kwana ya yi ta zuba, har ya cika bokiti ƙarami ya fara na biyu.

“Baba, wane maƙiyi ne ya toshe mata nan?”

Na ce ni ne.

Ya cire hularsa ya sosa kai. “Ai waɗannan ba ciwo ba ne, da su aka haife ta. Duk ƙofar mota tana shan ruwa. Ruwan sama yana bin gilashi, ya ratsa ta gefen robar, ya sauka ciki, ya fita ta nan. Ko ganye ya toshe su, tsinke ake sawa a zungure. Kai kuwa ka bar mata baki a buɗe, ka ɗinke mata mafita. Ko ɗan Adam aka yi wa haka, Baba, kwana nawa zai yi?”

Na ce ya yi mata duk abin da ake yi. Ya ce walda sai da ƙarfe, wannan kuwa ya zama garin tsatsa. Ya danna babban yatsa, yatsan ya shige. Na ce to na yafe ƙarfen, a ceto mini matashin hannun kawai, a ɗora shi a wata ƙofar. Bai tambayi dalili ba, ina jin Auta ta yi masa ido. Ya kwance sukurorin a hankali kamar mai cire ƙaya. Amma kwalin da ke riƙe da matashin ya sha ruwa ya zama dusa. Yana ɗagowa soson ya rabu uku a hannunsa, baƙi, yana ɗiga. Gurbin gwiwar ya tafi. Na duba a dukkan gutsattsarin ukun, babu.

Da aka zo sauke ta, ba ta ce gif ba. Ta ce kwaf, can ƙasa-ƙasa. Wannan ce maganarta ta ƙarshe.

Marigayiya ta bar 'yan'uwa uku: ƙofar direba, mai fama da ciwon gwiwa irin nawa, da tagwayen baya, waɗanda tuni aka zungure musu huji suka samu lafiya. Ta bar gilashi ɗaya garau, ko tsaguwa babu. Ta bar hannun murɗawa. A cikin taɓon da ke cikinta an samu fil ɗin gyale biyu, da haƙoran mataji, da ƙwallayen dabino goma sha ɗaya da suka zurma ta bakin gilashi. Ɗaya daga ciki ta tsira. Ɗan tsiro ne fari sol, tsawon yatsa, bai taɓa ganin rana ba, amma ya miƙe yana neman wajen da aka bar masa a buɗe. Na dasa shi a gwangwani. Auta ta ce da wuya ya yi rai. Ina ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, kuma na huda gindin gwangwanin.

Na sani ba a roƙa wa ƙarfe gafara. Wanda ya ga wannan takarda ya roƙa wa mai gurbin, sannan ya je ya tsuguna ya duba gindin ƙofarsa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe. Za a ɗauko gawa daga gareji a baro, a bi da ita ta ƙofar gida ta tsaya kaɗan, sannan a miƙa ta ga mai tsofaffin ƙarafa. Na roƙe shi kada ya ɗora ta a sikeli a gabana. Ba za a yi zaman makoki ba, amma benci na nan a ƙarƙashin bishiya ga mai son zama. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su ce ai ƙofa ce kawai.

An riga an ɗaura wa motar wata ƙofar, shuɗiya a jikin farar mota. Gilashinta a rufe ya zo. Jiya da yamma ni da Auta muna tsaye muna kallonta, sai maƙwabciyata mai ɗinki ta fito zubar da shara. Ta zagaya motar, ta ja hannun sabuwar ƙofar, ta buɗe ba gardama. Ta leƙa kujerar, ta share ƙurar da ke kai da gefen zanenta, ta ɗago.

“To Baba, yanzu da take buɗewa, wa zai riƙa zama a nan?”