Azumin Bakin Hasmukhbhai

Duk faɗin birnin Ahmedabad babu mai ƙanƙan da kai kamar Hasmukhbhai Thakkar, shi da kansa ya sha sanar da haka ta lasifika. Shekara goma sha ɗaya yana shugabantar ƙungiyar mazauna benensu. Ba zaɓe ya hana ba, Allah ya kiyaye. Gabatarwa kawai yake tashi yi, kafin ya kai aya shayi ya huce, tsofaffi sun yi gyangyaɗi, taro ya watse. A bayan idonsa Rediyon Bene ake ce masa.

Ranar biyu ga Oktoba, hutun tunawa da Gandhi, ya sauko tsakar gida cikin farar saƙar hannu mai ƙanshin kanti. Ya rataya wa hoton Gandhi, wanda suke kira Bapu, furanni, ya gyara tsayuwa saitin ɗan jaridar da ya gayyato.

"'Yan'uwa, Bapu yakan kame bakinsa yini guda. To ni ma, ƙaramin bawanku, daga yanzu har faɗuwar rana ko tarina ba za ku ji ba. Ɗan jarida, rubuta, duniya ta shaida!"

Bayanin shirun ya ci minti arba'in. Sannan ya naɗe ƙafa a tabarma, ya rufe ido ɗaya da rabi.

Kokilaben, tsohuwar malamar makaranta da ke hawa na uku, ta dubi jama'a.

"Ikon Allah, yau ba aiki, ga kowa ya hallara. Me zai hana mu yi zaɓen nan mu huta?"

Idanun shugaba suka buɗe tar. In ya tanka, gobe jarida ta yi masa tsirara a gari. In ya yi gum, kujera ta tafi. Sai ya shiga kaɗa hannu sama kamar mai korar ƙuda.

"Kun gani ko? Shi ya fara ɗaga hannu," in ji Kokilaben. "Kai, Hasmukhbhai, akwai dattako!"

Hannuwa suka tashi, har da na matarsa. Cikin minti shida Kokilaben ta zama shugaba, aka raba jalebi, irin alkakinsu, ana ta dariya. Ta zo gabansa ta haɗa tafukanta.

"Kada ka wahalar da kanka, ɗan'uwa, mun san abin da ke ranka. Ba zagi, ba duka, mulki ya sauya hannu. Bapu ma zai yi alfahari da kai."

Washegari hotonsa ya fito a jarida, ya yi kyau matuƙa. A ƙasa an rubuta: tsohon shugaba.