Rasuwar Tankar Yaƙina a Bahon Wanki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma da ido busasshe domin ni ba mai kuka a gaban jama'a ba ne, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da masu kawo mini gyaran agogo rasuwar tankar yaƙina. Ta rasu ranar Talata da hantsi, a cikin bahon wanki, tana da shekara shida a duniya. Tun daga ranar, yau kwana tara ke nan, matar ɗana ba ta sake taka gidana ba. Shi ya sa na ga gara in rubuta, kowa ya ji daga bakina.

Ga waɗanda ba su san marigayiya ba, tsawonta kamu biyu ne. Da kwali da gwangwanin madara da guntayen katako na gina ta, a kan siffar tankokin farko da aka shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya da su, irin masu sarƙa da ke zagaye jikin gaba ɗaya. Ba abin wasan yara ba ce. Masu kiranta “motar Malam” sun yi ta yi tana raye, ina roƙonsu su daina yanzu da ba ta nan.

Ni a aji huɗu na bar makaranta, kuma ba na ɓoyewa. Da ƙamus a hannun hagu na karanta duk abin da na samu a kan waɗannan tankoki. Tsofaffin hotuna goma sha ɗaya na tara, babu mai launi ko ɗaya, na sa madubin gyaran agogo a ido na bi ƙusoshin jikinta ɗaya bayan ɗaya. Kowace ƙusa da kan fil na yi ta. Fil dubu da ɗari biyu na yanke wa kai. Matasan yanzu da ba sa iya minti biyar ba su shafa waya ba, su yi tunani a kan wannan.

Shekara huɗu ginin ya ci. Sauran biyun laka ce ta cinye su, kuma a nan nake so a saurara da kyau. Tankar da ta fito fes ƙarya ce, domin ba a yi wancan yaƙi a kan kwalta ba. Na tankaɗe ƙasa da rariya sau uku, na kwaɓa da gam da ruwan shayi, na riƙa ɗiga ta da bakin tsinke inda hoto ya nuna: mai kauri a ƙasan sarƙa, fantsalalliya a gefe. Tsatsa kuwa, soson ƙarfe na jiƙa har ya ci kansa, na shanya, na niƙa. Wata rana abokina kafinta ya taɓa gefenta, sai na ga ya goge yatsa a wandonsa. A rayuwata ba a taɓa yabona kamar haka ba.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ba ta taɓa neman mai ba, ba ta tsegumi, inda aka ajiye ta nan za a same ta. Da injin tsohuwar rediyo mai kaset take tafiya. Idan na haɗa mata batir sai ta ce “gurrr”, ta yi shiru kamar mai shawara, sannan ta kama “ƙas, ƙas, ƙas” har ta haye littafi biyu da na jera mata a kan tebur. Ba ta da sauri. Iyayenta ma ba su da shi.

Ciwon ajalinta gajere ne. A shekara shida ba ta taɓa fita daga ɗakin aikina ba, sai ranar Talatar nan da na ɗora ta a kan benci a tsakar gida don sabon gam ya sha iska, na tafi shago. Matar ɗana, wadda watanta huɗu ke nan da shigowa danginmu, ta zo taya surukarta aikin gida. Yarinya ce mai ladabi, ba ta ganin aiki ta wuce. Ta ga laka, ta ga tsatsa. Sai ta ɗora ruwan zafi.

Da na dawo cin abincin rana na tarar da ita a gaban baho, ga garin sabulu, ga soso, ga tsohon buroshin haƙori. Ta durƙusa ta ce, “Baba, sannu da dawowa. Na ga motarka ta yi datti ne na ɗan wanke maka. Har cikin sarƙar na bi da tsinke. Sai dai kamar ta yi laushi kaɗan.”

Na leƙa. Rufin ya rabu da gangar jiki, kawunan fil suna ƙyalli a gindin baho. Gefen gwangwanin kuwa, in faɗi gaskiya, ban taɓa ganin ƙarfe ya yi haske haka ba.

Ban ce komai ba. Na ɗauka shirun nan haƙuri ne. Ashe ita fuskata ta karanta, kuma an ce fuskata ko ranar farin ciki ba ta da daɗin karatu. Ta ja mayafi ta fita da takalmi wari ɗaya nata, wari ɗaya na surukarta.

Da yamma maiɗakina ta same ni ina tsamo gawa da cokali. Ta ce, “Malam, shekara talatin kana mana wa'azin tsabta. Kofi ka gani da maiƙo sai ka tara gida. Ranar da aka kawo yarinyar nan gaisuwa, awa guda ka yi mata a kan shara. Yau ka samu ɗaliba ɗaya da ta ɗauki karatu, shi ne kake kumbure-kumbure?”

Na ce, “Wannan lakar ta tarihi ce.”

Ta ce, “To, da ka rubuta mata a goshi. Mu da muke gidan ka taɓa gaya mana? Kullum ƙofa a rufe, in an tambaya ka ce ba za mu gane ba. Ni kaina na fi shekara ina haƙon ranar da zan same ta a waje. Yarinyar ta riga ni ne kawai.”

Na ci gaba da tsamo gawa. Wanda ya koya wa gidansa cewa duk datti abin kunya ne, sannan ya shige ɗaki ya shekara biyu yana ƙera datti a ɓoye, kada ya nemi mai laifi a waje.

Marigayiya ta bar ƙanwa ɗaya, igwa mai ƙafafun katako, da wata motar sulke da har yanzu tayarta uku. Sojojin yumɓu takwas da ke cikin marigayiya sun tafi tare da ita, ban da direba, wanda aka tsinta a bakin magudana babu kai. Ina godiya ga masu ta'aziyya, har da mai askin da ya ce in sayi ta roba a kasuwa. Na ji, kuma na sauya wurin aski.

Jiya ɗana ya zo shago, ya daɗe yana juya hula a hannu kafin ya ce, “Baba, ko abincin kirki ba ta ci. Ta ce da wane ido za ta dube ka.” Kwali ne ya narke mini, kuma akwai wani kwalin a bayan kowane kanti. 'Ya mai ganin datti a kayan surukinta ta naɗe hannun riga ba tare da an sa ta ba, ban san kantin da ake samunta ba.

Za a binne marigayiya ranar Asabar da ƙarfe huɗu na yamma, a bayan ɗakin aikina, cikin kwalin takalmi. Babu salla, babu addu'a. Kwali ne, kada wani ya ce na yi wasa da addini. Kafinta zai haƙa rami. Za a ba da shayi. Masu niyyar dariya su yi ta a gida su gama kafin su taho.

Amma ba za a rufe kwalin ba sai matar ɗana ta zo ta zauna a kujerar da ke kusa da tawa. In ba ta zo Asabar ba, a ɗaga zuwa Lahadi, in ba ta zo Lahadi ba, a ci gaba da ɗagawa. A halin yanzu gawar tana kan teburin falo, kuma maiɗakina ta rantse ba za ta wuce Asabar tana cin abinci kusa da ita ba. Saboda haka, 'yata, ko ba don ni ba, ki zo ki ceci surukarki.