Ranar da Na Koya wa 'Yan Jami'a Ƙibar Yara

Ko me zan manta, ba zan manta da ranar da autata Nafisa ta kawo 'yan ajinsu gidanmu ba. A jami'a take a Khartum. An haɗa su ƙungiya ɗaya, da mai karatun likita da mai karatun abinci da mai nazarin zaman jama'a, wai su koyi shiga gidaje suna bincike kan ƙibar yara. Malamarsu ta nemi gidan da za a fara gwaji, Nafisa ta ce namu. "Yumma, don Allah kada ki ba ni kunya," in ji ta.

Ni kuwa raina ya yi fari. Na ɗauka sun ga yaran zamani duk sun tsotse, suna neman dabara. (Wa ya kai ni a nan? Duk layinmu a Umdurman, in yaro ya rame gidana ake kawo shi.)

Suka iso, malamar na gaba. Na jera musu zalabiya, wato fankenmu na nan, da shayin madara, sukari ba ƙyashi. Sannan na kira jikana Hamudi, na tsayar da shi tsakiyar ɗaki, na ja kumatunsa.

Na ce wa malamar, "Duktura, duba da kyau, aikina ne wannan. Tuwon asida da man shanu tun safe, in ya ƙi in bi shi har bayan ƙofa. Ƙwallo kuwa na hana, tana zubar masa da jiki."

Ɗalibai suna ta rubutu, ni ina ta ƙara bayani. Nafisa ta sunkuyar da kai, na ce kunyar yabo ce.

Malamar ta ajiye kofinta a hankali. "Ya Hajja, mu fa hanyar hana ƙibar muke nema."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Hannuna ma yana kan kumatun yaron, na rasa yadda zan sauke shi.

Sai malamar ta juya ga ɗaliban tana dariya. "Duk tambayoyinku don uwaye kuka shirya su. Yanzu kun ga mai riƙe da cokalin?"

Daga ranar ƙungiyar Nafisa ta koma bincike kan kakanni, kuma ta ci jarrabawarta. (Ta ce har a aji an yi maganata, Allah ya rufa asiri ba a faɗi suna ba.)

Yanzu in masu ilimi suka ce suna bincike kan abu, sai na tambaya so suke ya ƙaru ko ya ragu, kafin in buɗe baki.