Yadda Za Ka Zama Gwanin Ciyawar Bature Ko da a Fagge Kake

Ya kai mai karatu, in kana da garwa ɗaya kuma kunya ba ta cika damunka ba, na yi maka alkawari kafin damina ta zagayo za ka zama gwanin ciyawar Bature. Ba ta doki nake nufi ba, ba ta akuya ba. Ina nufin wadda ake shukawa da gangan, a shayar da ita kamar jinjiri, a yi mata aski kamar ango, sannan a hana kowa ci. Hanyar nan an gwada ta. Kyari na Fagge ya bi ta daki-daki, ga shi yau da kakin kamfani mai aljihu har a ƙirji. Bi sawunsa.

1. Fara da ƙarya, ilimi ya biyo ka a baya

Kyari ɗan dako ne a dalar gyaɗa, har ranar da buhu ya sauko da shi, bayansa ya ce ya gama aiki. Matarsa Fanta ga tsohon ciki. Babu abin da ke shigowa gidan sai surukarsa Inna Yagana, wadda ta tare jiran haihuwa, janye da ragon suna.

Sai ya ɗingisa zuwa Sabon Gari wurin Mista Nwabueze, babban akawun wani kamfanin gyaɗa, wanda suka saba tun a bakin sikeli.

"Akawu, a taimaka mini da aikin da ba a ɗora shi a ka."

"Manaja na neman mai gyara masa filin wasa a gidansa na Nasarawa. Ka san ciyawa?"

"Ni? A cikinta aka yanke mini cibiya."

"Malam Kyari, ba ta jaki ba fa. Ta Turawa, mai laushi."

"Ita nake faɗa. Na yi wa wani Bafaranshe a can Chadi, har ya yi kuka da zan taho."

Kyari bai taɓa wuce Wudil ba.

"To, shuka kaɗan a ƙofar gidanka," in ji Akawu. "In ta yi kyau, ni da kaina zan kawo Manaja."

2. Samo iri

Je ka Nasarawa, ka leƙa ta shingen gidan wani Bature, ka zura hannu ka tsinko. Kyari ya yi haka. Ya duba abin da ke tafinsa, ya sake dubawa, ya sansana.

Ƙiri-ƙiri ce. Ita dai, mai yaɗon nan da kakansa ya mutu yana tsine wa a gona.

Riƙe wannan, don shi ne rabin ilimin: bambancin ciyawar banza da ciyawar Bature shi ne wane ne mai gidan. Kyari ya bi gefen layin dogo ya cika buhu, ba wanda ya ce masa kanzil.

3. Kada ka gaya wa kowa

Kai ma ka sani, abin da aka faɗa tun bai nuna ba, baki ke cinye shi. Kuma Fagge cike take da masu ciwon baya da ke neman aikin tsaye. Saboda haka Kyari ya kafta ƙofar gidansa, ya zuba takin shanu, ya dasa ƙiri-ƙiri layi-layi, ya kewaye da ƙaya, bai ce wa ko Fanta uffan ba.

Mai unguwa Mala ya tsaya ya daɗe yana kallo.

"Kyari, albasa ce?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Magani ne?"

"Kusan haka."

Mala ya wuce yana girgiza kai. Kafin la'asar unguwa ta gama yanke hukunci: buhun gyaɗar nan ba bayan Kyari kaɗai ya taɓa ba.

4. Shayar da ita, ko gida zai kwana da ƙishi

Rani ne. Ciyawar da ke fitowa a kan dutse ba a gayyace ta ba, ranar da ka ce kana son ta sai ta zama 'yar sarki. Safe da yamma Kyari na layin famfo da rabin garwa, don bayansa ba ya ɗaukar cikakkiya.

Inna Yagana ba ta magana da suruki baki da baki, kunya ta hana. Sai dai ta gaya wa rago, da murya yadda za a ji a zaure.

"Rago, ka ga ikon Allah? Kai ana auna maka ruwa a ƙoƙo, abincinka kuma ana yi masa wanka a waje."

Ragon ya kalli ƙofa ya yi kuka. Shi kaɗai ne a Fagge ya fahimci darajar aikin.

5. San maƙiyanka

Awaki za su zo, jefe su. Yara za su zo, kore su. Amma in ka hango hular kwano da gajeren wando, gyara tsayuwa, duba-gari ne.

Malam Nehemiya duba-gari ya zunguri ciyawar da sandarsa.

"Dajin nan na wane ne?"

"Ba daji ba ne, Malam."

"Gidan sauro ne. Doka ta ce a nome."

"To, na Nasarawa fa? Can ai ta fi nan yawa."

"Sauron Nasarawa ya san doka, Malam Kyari. Na Fagge ne bai yi makaranta ba."

Ya wuce wurin mai unguwa, ya ce in ya dawo ya tarar da ita, unguwar duka zai kai ƙara. Mala ya roƙi Kyari. Kyari ya ce a ƙara masa haƙuri kaɗan. Aka ƙyale shi, don ba a gardama da marar lafiya.

6. Yi mata aski, amma kada ka so ta

A nan Kyari ya saɓa mini. Da ciyawar ta haɗe ta rufe ƙasa, ya sare kanta da langalanga, ya aro almakashin tela ya bi gefe-gefe yana durƙushe. Wata safiya bayan ya dawo daga masallaci ya cire takalmi ya taka. Sanyi ya ratsa shi har gadon bayan nan mai ciwo. Duk rayuwarsa ƙasa mai zafi ya taka, da kaya a ka. Ya tsaya nan yana murza yatsun ƙafa, yana murmushi shi kaɗai, har ya fara ayyana jinjirin Fanta na rarrafe a kai.

Maƙwabta suka leƙo, suka ce Allah ya sawwaƙe.

7. Ranar gwaji, tafi ka bar ta

Saƙo ya zo daga Akawu: gobe Manaja zai zo. Da safe Kyari ya sa rigar Sallah, ya ce wa Fanta, "Yau Bature zai zo duba ƙofar gidan nan." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya nufi Sabon Gari.

Ka san Bature ba ya fita sai ya ci, ya kwanta, ya tashi ya sha shayi. Kyari ya wuni a kan bencin ofis. Sai bayan la'asar aka sa shi a bayan mota, Akawu a gaba, Manaja na tuƙi.

Tun daga bakin unguwa ya jiyo kalangu. Suka sha kwana, guɗa ta tashi. Ga jama'a jere, ga mai unguwa da rawani. Ga ƙofar gidansa.

Babu ƙaya. Babu ciyawa ko ta sakace. An nome ta har saiwa, an zuba jar ƙasa, an yayyafa ruwan makuba na ɓawon ɗorawa, an daɓe wurin sumul yana ƙyalli kamar bayan tasa. Tsofaffin mata na gefe riƙe da madaɓai, Inna Yagana a gabansu tana haki.

Mala ya kama hannunsa ya raɗa masa, "Kwantar da hankalinka, mun rufa maka asiri. Fanta ta gaya wa Inna, Inna ta aiko mini. Muka ce Bature ya zo ya ga daji a ƙofar ɗan'uwanmu muna raye? Gayya muka yi, har mutanen Sabon Gari sun kawo fartanya."

"Ciyawar fa?" in ji Kyari, muryarsa kamar ta wani.

Daga cikin gida rago ya yi gyatsa.

8. In komai ya rushe, yi shiru ka bar Bature ya yi magana

Manaja ya fito. Ya taka daɓen. Ya buga dunduniya. Ya durƙusa ya shafa, ya zaro wata farar ƙwallo daga aljihu ya buga a ƙasa, ta yi tsalle ta dawo hannunsa. Ya yi ta zuba Turanci, fuskarsa ta yi ja.

Mista Nwabueze ya share gumi.

"Wai filin tanis yake so. Wai a zafin Kano wa zai yi wasa a kan ciyawa? Ni kuwa a hoton da ke bangon ofis, a kan ciyawa na ga suna yi." Ya ƙara saurarawa. "Wai duk wanda ya kawo ya gyara masa fili, ƙiri-ƙiri sai ta huda ta fito. Yana tambaya, wane gwani ne ya yi wannan?"

Unguwa duka ta nuna Kyari. Ai marar lafiya ne, a bar shi ya ji daɗi.

Aka ɗauke shi aiki nan take. Aikinsa guda ne: kada ya bar ko tsinken ciyawa ya tsiro a filin Manaja.

9. Nemi ilimin da ka ce kana da shi

Da mota ta tafi, Kyari ya shiga gida ya tsuguna gaban rago, wanda cikinsa ya yi tim.

"Rago, don Allah, makubar nan yaya ake jiƙa ta?"

Daga bakin murhu Inna Yagana ta ce, "Rago, gaya masa kwana take yi a ruwa. Kuma ka ce masa gobe ya ɗebo wa mutane ruwan sha."

Fanta ta haifi namiji. Ranar suna aka yanka malamin da ya koya wa Kyari sana'a, kitse har ya toshe wuƙa. Mala ya tsotse ƙashi ya ce, "Kyari, me ka ba ragon nan?"

Kyari ya daɗe yana tauna tasa tsokar.

"Ciyawar Bature," ya ce. "Ku ci a hankali, ba za a sake ba."

Sanarwa

Mai wannan rubutu bai taɓa shuka ko tafasa ba. In ka bi matakan nan duba-gari ya kama ka, ko maƙwabta suka so ka fiye da kima, ko ka wayi gari ana biyanka don ka kashe abin da ka fi ƙauna, babu hannuna babu ƙafata. Kai ƙararka wurin rago.