Keken da Ke Gudu Bai Bar Gindin Dogonyaro Ba

Yau da hantsi na ɗaga ƙafa in hau kabu-kabu a tashar Tajaye, ƙafar ta ce ba da ita ba. Na sake ɗagawa, cinya ta riƙe, sai ga ni rungume da mai babur kamar na ga ɗan'uwan da ya daɗe Libiya. Masu goro sunka yi ta dariya. Ɗaya ya ce, "Baba Ayuba, ina ka tahi haka da ƙahwa ta mutu?" Na ce mashi na yi kilomita bakwai bisa keke, kwanan baya. Ya ce daga ina zuwa ina? Na ce daga gindin dogonyaro zuwa gindin dogonyaro. Ya ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ni. To, ku saurara ku ji ko ni ne na taɓu.

Ina da taubashi, sunansa Kyauta. Da can direban babbar mota ne, yana ɗaukar siminti daga Malbaza. Wata shekara motar ta kwanta da shi a hanya, ya tashi da ransa, ƙafafu ba su tashi ba. Bai zauna ba. Ya samu keken hannu, irin mai ƙafa uku da ake murzawa, ya kama rumfa a kasuwar Tajaye yana saida tocila da pil, wato batir, da ƴan wayoyin caji. Bara keken ya karye a ƙugu, karyewar da ba ta ɗoruwa. Tun daga nan yana gida. Rumfa kuwa ba ta jiran mai ita. Wani mai tsumma ya fara da jingina buhu ɗaya, yau ya rataye wanduna har bakin ƙofa. Sarkin kasuwa ya aiko ma Kyauta cewa in kaka ta yi bai dawo ba, a yi haƙuri, rumfa ta zama ta mai wanduna. Gidan Kyauta kuwa da rumfar nan yake hura wuta.

Ana haka sai Allah ya kawo muna baƙo, Mai Girma Za-Mu-Duba, Allah ya ƙara mashi yawan dubawa. Ya zo neman abin da sukan zo nema in lokacinsa ya yi. Ya ga Kyauta bisa tabarma, ya tsuguna har rigarsa ta taɓa ƙasa, ya tabbata mai hoto ya ga ta taɓa, sannan ya ce, "Mi kake so?" Kyauta ya ce, "Keke, ranka ya daɗe." Anka yi tafi.

To nan gizo ke saƙa. Mu Hausawa ba mu da rowa wajen kalmar keke. Wanda ake hawa keke ne. Wanda tela ke takawa keke ne. Wanda akawu ke ƙwanƙwasawa a buro, wato ofis, keke ne. Wanda Kyauta ke murzawa shi ma keke ne. A ƙauye ba mu ruɗewa, don muna duban mai magana kafin mu duba maganar. Amma ita magana in ta shiga mota ta bar mai ita a baya, sai ta zama marainiya. Wani ya maida ta Faransanci, ya ce keken mai lalurar ƙafa. Na gaba da shi ya ce lalurar ƙafa ai motsa ta ake yi. Na can sama, wanda bai taɓa ganin Kyauta ba ko a mafarki, ya ce a sayo mafi tsada.

Ranar biki anka kafa rumfuna, anka jera kujerun roba, anka zo da makaɗa. Na ƙirga motocin rakiya har na bari, kowace tana huci, alhali mu kwana biyu muna layin isansi, wato fetur, a Konni ba mu samu ko na kunna fitila ba. Ni na goyo Kyauta daga gida. Ya sa farar rigarsa ta Sallah, yana ce mani a kunne, "Goyon ƙarshe na, bawana. Yau ka ƴantu." Na ce, "Allah shi sa, don nauyinka ya hi na buhun simintin da kag gada."

Mai Girma ya yi jawabi, ya yaye ƙyalle. Sai ga abu baƙi, mai sirdi, mai ƙaho, mai feda, ƙafa ɗaya tal a gaba, ita ma ba ta taɓa ƙasa. Makaɗa sunka ɗan yi shiru, sannan sunka tuna an biya su. Kyauta ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ayuba, sauran suna cikin mota?" Na ce ina jin iyakarsa ke nan. Ya ce, "Da na ɗinki sunka kawo, ko hula in koya."

Akwai wani saurayin buro da ya zo tare da su, Mushe Abdoul Aziz (Mushe shi ne Malam a Faransanci), yaro mai ladabi, ba ni da abin faɗi a kansa. Shi kaɗai na ga ya dubi ƙafafun Kyauta ya dubi feda ya sunkuyar da kai. Amma hoto ba ya jira. Anka ce tunda mai keke ba ya iya hawa yau, a samu wakili. Wa ya fi kusa? Mai goyo.

Na naɗe riga na hau. Gabana, tsakanin ƙahonin, akwai ɗan allo kamar tafin hannu. Ina taka feda sai ya farka, lambobi sunka fara rawa. Mushe ya tsaya gefena da lasifika yana fassara ma jama'a, ni kuma ina haki ina ɗaukar darasi. An ce tafiya mabuɗin ilimi. Ban san har wadda ba a zuwa ko'ina ba.

Ya ce lambar farko lokaci ce, tana ƙirga tun sa'ad da ka fara. Na ce, "In na tsaya hwa?" Ya ce ita ma sai ta tsaya, in an jima allon ya yi duhu, ya manta komai, gobe a faro daga sifili. Na ce wannan ai na san shi. Rijiyar ƙauyenmu sau uku ana aza mata harsashi.

Ta biyu sauri ce. Mai Girma ya matso, na zage na taka da ƙarfi, lamba ta haura. Ya juya yana gaisawa da wani, na sassauta, ta faɗo. Ban ga laifin kaina ba. Duk wanda ya taɓa shiga buro ranar da babba ya zo ziyara, ya koma washegari, ya san wannan lamba ba a kaina aka fara ta ba.

Ta uku ita ce uwar gayya, wai nisan da ka yi. Mushe ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, Baba ya cika kilomita uku!" Anka yi guɗa. Na waiwaya. Ga dogonyaro inda na bar shi, ga akuyar Mariama mai ƙosai tana cin igiyar rumfa, ga Kyauta bisa tabarma yana kallona. Na ce, "Mushe, yanzu muna ina?" Ya ce da hanya ce da mun wuce gonar liman. Kyauta ya ce, "In kun isa kasuwa ka duba mani rumfa." Jama'a, shekara nawa muna jin rediyo tana cewa an ci gaba, mu leƙa waje mu ga ba mu gusa ba, mu riƙa zargin idanunmu? Ashe ba ƙarya suke ba. Allo suke karantawa.

Kafin in gama fahimtar wannan sai lambar ta ɓace, wata ta fito. Na ce ya lalace? Mushe ya ce a'a, haka aka saita shi, yana juyawa da kansa daga wannan zuwa wancan. Ka tambayi nisa ya ba ka lokaci, ka tambayi lokaci ya ba ka sauri. Na ce Allah ya jiƙan wanda ya ƙera shi, lalle ya zauna taron manema labarai.

Sabuwar lambar wai kalori. Na ce wane ne shi? Ya ce ma'aunin abincin da jikinka ya ƙone, duk abin da ka ci keken yana cire shi. Na tsaida ƙafa. Na ce, "Tsaya, ɗana. Furar da matata Sahiya ta dama mani da sahe, ita ce wagga da ka tahiya?" Ya duba ya ce wajen rabinta ta tafi. Wata tsohuwa daga baya ta ce, "La'ilaha! A wanga watan?" Watan da rumbu ya koma ɗakin kaji, gero bai nuna ba, kowa na auna ludayi kafin ya kai baki, shi aka zaɓa a kawo muna injin fidda abinci daga ciki. Ni ban ce ba shi da amfani ba. Na ga masu buƙatarsa, suna zaune a layin gaba, kujerun roba na kuka ƙarƙashinsu.

Saura lamba ɗaya, mai ɗan hoton zuciya. A jikin ƙahonin akwai ƙarfe mai sheƙi, ka dafa shi da tafuka biyu sai ya ji bugun zuciyarka ya rubuta. Na dafa. Ya rubuta wani abin da ya sa Mushe ya ce in sauka haka nan, kada biki ya zama zaman makoki. Na sauka da kilomita bakwai, rabin fura da cinyar da har yau ba ta yafe mani ba.

Sai mai hoto ya ce ai ya kamata Mai Girma ya taɓa. Bai hau ba, babbar riga ba ta yarda. Ya tsaya gefe ya dafa ƙaho ɗaya. Kowa ya zuba ido. Ɗan hoton zuciya ya yi ƙyaf-ƙyaf, lamba ba ta fito ba. Ya ƙara matsawa. Babu. Mushe ya raɗa mashi, amma ya manta lasifika na kunne, "Ranka ya daɗe, sai da hannu biyu." To ɗayan hannun yana cikin aljihu, kuma tunda na san shi ban taɓa ganin ya fito ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ashe ba ya nuna zuciya ma. Kyauta ya ce, da murya mai kauri, "Ku bar wahal da na'ura, ta hwaɗi iyakar abin da tag gani." Makaɗa sunka rufe maganar da kalangu.

Motoci sunka tafi. Ni na goyo Kyauta, mutum huɗu sunka ɗauko keke. Shi ne karo na farko da ya yi tafiya, kuma a kan mutane ya yi ta, kamar manyan da sunka kawo shi.

Kwana biyu yana tsakar gida, matar Kyauta ta fara shanya wanki a kansa. Na uku Kyauta ya aika a kira Saminu mai walda. Saminu ya zagaya shi yana tsaki, ya ce sarƙa mai kyau ce, bututun ma ƙarfe ne na gaske, sirdi kuwa ya yi ma kowa ƙanƙanta sai mai laifi. Na ce, "Kyauta, kayan hukuma ne hwa." Ya ce, "Sun ce nawa na gaban jama'a. Kai kau da ka hau mani abu ba izini, ban ce komi ba." Saminu ya yanke, ya ɗaga feda sama inda hannu zai kai, ya ciro ƙafafun tsohon keken da ya karye ya haɗa. Allon kuma Kyauta ya ce a ɗaure mashi a gaba don ado. Wayar da ke kai mashi labari daga ƙafa ta tafi a yanka, saboda haka yana kunnuwa, amma bai san komai ba.

Ran kasuwa Kyauta ya murza abinsa tun da sanyin safiya har bakin rumfa. Bai yi faɗa da mai wanduna ba. Ya shiga da keken a hankali har ya taka bakin buhu, ya ce, "Sannu da tsaro, Allah shi biya." Kafin azahar wanduna sun koma inda sunka fito.

Jiya sai ga Mushe Abdoul Aziz, an turo shi bin sawun furoje, wato tallafin keken. Ya je gida bai ishe kowa ba sai wanki, aka ce mashi ya nufi kasuwa. Ya iske Kyauta yana ciniki. Ya dubi keken, na ga murmushi ya kusa kuɓuce mashi, amma ya tuna aiki ya kawo shi. Ya danna allo. Lokaci sifili. Sauri sifili. Nisa sifili. Ya ce, "Baba Kyauta, ni abin da allo ya nuna aka ce in kai." Kyauta ya ce, "Kai masu." Ya ce, "Za su ce ba ka amfani da shi. Suna iya cewa a karɓe a ba wani." Kyauta ya ce, "To su aiko mai karɓa. Ka dai hwaɗa mashi shi zo da ƙahwa biyu masu kyau, don ni yanzu ba a ishe ni wuri guda." Sannan ya saida mashi tocila.

Saboda haka, ƴan'uwa, in kun ji an sanar cewa wani talaka a yankinmu ya yi watsi da tallafin da aka ba shi, bai motsa ko taki ɗaya ba, kada ku musa ma manya, sun fi mu karatu. Sai dai in kun biyo gangaren kasuwar Tajaye ran kasuwa ku riƙa bin gefe, don mutumin nan da bai motsa ba, Saminu bai sa mashi birki ba.