Yadda Za Ka Shiga Unguwar Tsofaffi Alhali a Ofis Kai Yaro Ne

Ɗan'uwa ma'aikacin gwamnati, idan ranka ya biya ka sayi gida a unguwar da ba a sayar wa wanda bai kai shekara sittin ba, kuma ba ka da niyyar sakin kujerarka a ofis, zauna ka saurara. Bi matakan nan bakwai yadda na jera su. Na ɗaukar maka alkawari za ka kwana a cikin gidan, ka tashi a cikinsa.

Sunana Zayyanu, tsohon malamin gona. Na ajiye aiki bara, ranar da na cika sittin. Ina zaune a Huta-Roro, gidaje arba'in da ƙungiyarmu ta tsofaffin ma'aikata ta gina a hanyar Wamakko. Babu injin markaɗe, babu kiɗan biki, jikoki kuma su zo da hantsi su koma kafin magariba. Ilimin da zan ba ka a wurin wana na samo shi, Yaya Abdulshakur, mataimakin darakta a wata ma'aikata. A gida ya girme ni da shekara biyu. A fayil na girme shi da shida.

Mataki na ɗaya: Ƙidaya shekarunka, duka biyun

Ma'aikaci mai hankali shekaru iri biyu gare shi: waɗanda uwarsa ta sani, da waɗanda fayil ya sani. Yaya ya shiga aikin gwamnati a makare, bayan ya daɗe yana sayar da yadi a kasuwa. Ranar da zai shiga ya biya kotu ya yi takardar rantsuwa, ya fito ya bar shekara takwas a kan benci. Yau shekarunsa sittin da uku, fayil ya ce hamsin da biyar.

Kada ka bari wani ya zauna da biro yana lissafa maka. In aka bi fayil, Yaya ya yi aure yana ɗan shekara goma sha uku, ya haifi ɗansa na fari yana sha huɗu. Duk wanda ya tayar da wannan magana, ka ce masa mutanen da da wuri suke girma.

Abin daɗin shi ne, a Huta-Roro ba ƙarya za ka yi ba. Gaskiya za ka faɗa. Ka dai yi atisaye, domin wanda ya daɗe bai faɗe ta ba harshensa kan yi nauyi.

Mataki na biyu: Samu wanda zai hana ka barci

Ba mai shiga wannan wahala don kansa. Yaya yana zaune lafiya a gidanmu na gado a cikin gari, gidan da ke ɗauke da mutum talatin da 'yan kai. Shi da safe yake fita, bai san abin da ake ciki ba. Matarsa, Yaya Sadiyatu, ita ta sani. Shekara arba'in da biyu tana raba faɗan famfo, tana girkin da ba ta san adadin masu ci ba.

Wata ranar Laraba Yaya Sadiyatu ta zo duba sabon gidana. Aka shimfiɗa mata tabarma a gindin darbejiya. Tana cikin magana da matata sai barci ya ɗauke ta, ba ta farka ba sai la'asar. Ta tashi zaune ta saurara, ba ta ji komai ba sai kukan kurciya.

"Zayyanu," ta ce, "kullum haka wurin ga yake?"

"Kullum, Yaya."

"Akwai saura?"

"Gida biyu sunka rage."

Ta gyara gyalenta ta tafi. Bayan kwana uku Yaya ya zo mini idanu jajur, ya ce in kai shi wurin shugaban kwamiti.

Mataki na uku: Tsara furfurarka

Gemu ɗaya gare ka, kuma ofis yana son sa baƙi, unguwa tana son sa fari. Kada ka ruɗe. Ɗauki hutun shekara, ka daina rini, ka lazimci ɗaka. Cikin mako uku gaskiya za ta tsiro da kanta.

Ajiye takalmi sau-ciki, ka nemi silifas mai faɗi. Sayi sanda, amma kada ka jingina da ita sosai, kada a ce maka majinyaci. In za ka zauna ka ce "wash". In za ka tashi ka ce "ya Salam". Yaya ya gaya mini wannan ne kaɗai bai sha wuyar koyo ba, domin shekara goma ke nan yana haɗiye su a ofis.

Mataki na huɗu: Ci jarrabawar Alhaji Maccido

Shugaban kwamitinmu, Alhaji Maccido, tsohon rajistaran kotu ne. Shekara talatin mutane suna rantse masa a kan shekarunsu, saboda haka ba ya karɓar takarda. Tambaya yake yi.

Muka same shi a zauren kwamiti. Ya dubi Yaya ta saman tabarau.

"Malam Abdulshakur, sa'ad da anka canza kuɗi, anka bar sule anka koma kobo, mi kaka yi?"

Ka tuna, a ofis Yaya bai san sule ba. Duk ranar da aka yi zancensa sai ya ce a labari ya ji. Amma ranar nan bakinsa ya buɗe. Ya faɗi yadda Inna ta aike shi sayen gishiri da sisi mai tebur ya ƙi karɓa, ya dawo yana kuka. Ya faɗi shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, da yadda jakin maƙwabcinmu ya ƙi yarda da sabuwar dokar. Har idonsa ya kawo ruwa. Sai da na taka masa ƙafa ya yi shiru.

"Wanga tsoho na," in ji Alhaji Maccido. "Ka aje aiki dai ko?"

A nan ka yi tari. Yaya ya yi tari, ya ce yana dai ɗan leƙa ofis yana ba yara shawara. Aka buga hatimi, aka ba shi mabuɗin gida mai lamba goma sha bakwai.

Mataki na biyar: Fita aiki kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa

Hutu ya ƙare, dole ka koma ofis. Matsalar ita ce tsofaffi ba su da abin yi da safe sai zama a bakin ƙofa suna kallon mai fita.

Kada motar ofis ta shigo unguwa. Sa direba ya tsaya can inda motocin siminti na Kalambaina ke fakawa. Fito da babbar riga da rawani, ka rufe gemun da ka rina, ka tafi a hankali da sandarka. In aka ce ina zuwa, ka ce gaisuwa. A shekarun nan ba mai mamakin mutum ya je gaisuwa kullum. A cikin mota ka tuɓe rawani, ka sa sandar a but, ka miƙe bayanka.

Wata huɗu Yaya yana haka. Ya rame, ita kuwa Yaya Sadiyatu ta yi kumatu. Ta shuka zogale da lalle a bayan gida, ta koma karatun da ta bari tun tana amarya. Wata rana na ji ta tana waƙa ita kaɗai a tsakar gida, abin da ban taɓa ji ba.

Mataki na shida: Bincika wa zai sayi gidan da ke jikin naka

Wannan matakin Yaya ya tsallake. Kai kada ka tsallake.

Gida mai lamba goma sha takwas ya samu mai shi: Hajiya Jamilatu, wadda ba ta daɗe da yin ritaya daga ma'aikatar su Yaya ba, inda ita ce mai kula da fayilolin ma'aikata. Tana aji ɗaya a firamare Yaya yana aji huɗu. Ga shi ita an sallame ta da agogon bango, shi yana nan kan kujera.

Safiyar farko ta fito zubar da shara, shi ya fito da rawaninsa. Ta ajiye kwandon.

"Ranka shi daɗe! Mi kaka yi nan?"

"Gaisuwa za ni, Hajiya."

"Ba inda za ka nika tambaya ba. Nan nika tambaya. Ai saura shekara biyar gare ka, ni na riƙe fayil ɗin."

Yaya ya ce "ya Salam", kuma wannan karon ba atisaye ba ne.

Mataki na bakwai: In an kira ka kwamiti, tafi da matarka

Labari ya kai kwamiti, aka zauna ranar Asabar. Alhaji Maccido ya ajiye littafin dokoki a gabansa, ya yi magana a hankali.

"Malam Abdulshakur, ba mu kai ka ƙara ko'ina. Zaɓi dai za ka yi. In sittin da uku gare ka, gidan naka na, amma ranar Litinin ka rubuta takardar aje aiki. In hamsin da biyar gare ka, aikin naka na, ka ba mu mabuɗinmu mu maishe maka kuɗinka."

Yaya ya sunkuyar da kai. Na san shi: ba albashin ne ya riƙe shi ba. Tsoro yake ya wayi gari ba mai buga masa ƙofa ya ce ranka ya daɗe. Can ya sa hannu a aljihu, muka ji ƙarar mabuɗi.

"Dakata, Malam."

Yaya Sadiyatu ce daga bayan zaure. Ta taso da wani abu naɗe a ɗankwali, ta warware a gaban Alhaji Maccido. Tsohon littafin mahaifinta ne, wanda malami ne, kuma a bangonsa ya rubuta ranar haihuwar kowane ɗa nasa da ajami.

Ya kamata ka san girman abin da ta yi. Shekara goma sha ɗaya Yaya Sadiyatu tana da shekara arba'in da tara. Ƙawayenta sun sani, surukanta sun sani, ni kaina na taɓa tsokanarta a kai na yi wata guda ba a zuba mini nama a miya ba. Ga kuma Hajiya Jamilatu zaune, wadda labari ba ya kwana a wurinta.

"Alhaji, karanta layi na ukku," ta ce. "Da ƙarfi."

Ya karanta, ya yi lissafi da yatsu. "Hajiya, ai ga lissafin Hijira sittin da biyu gare ki."

"A tsaya ga na Bature. Sittin cif, tun watan jiya. A sa gidan ga sunana. Ni ba ni komawa rabon faɗan famfo."

Hajiya Jamilatu ce ta fara dariya, ta tashi ta rungume ta.

Sai dai Alhaji Maccido mutumin doka ne. Ya buɗe littafi ya nuna cewa an rubuta matar mai gida tana iya zama ko ba ta kai sittin ba, amma ba a ce komai a kan mijin mai gida ba. Ɗan ƙasa da sittin hanya ɗaya gare shi, doka ta tara: dattijo ko dattijuwa na iya ajiye mai jinya guda.

Haka aka yi wa Yaya kati mai hoto, an rubuta a ƙasa: Mai jinyar Hajiya Sadiyatu. Yanzu motar ofis har ƙofar gida take zuwa, gemu baƙi wuluk, ba rawani ba sanda. Amma ran Asabar masu jinya ne ke jera kujerun majalisa su zuba wa dattawa ruwan sanyi. Na sha ce masa ya bari in ɗauki kujerata da kaina, wana ne. Alhaji Maccido ya ce doka ba ta san wa da ƙane ba.

Shekaranjiya na shiga gaishe su, na tarar ya dawo daga ofis ya zube a tabarma.

"Malam," ta ce masa, "in jinya ta gajishe ka, takardar aje aiki layi biyu ta. Kana rubutawa ka koma mai gida."

"Saura shekara biyar," in ji shi.

"Allah shi kai mu. To tashi ka ɗauko mini man zafi, ƙafata na ciwo."

Ya tashi ya ɗauko.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba lauya ba ne, ba likitan gemu ba ne. Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa aikinsa, ko gidansa, ko girmansa a gaban matarsa, shi ya jiyo, ba hannuna ba ƙafata. Kada a kira ni shaida a kotu, domin idan aka rantsar da ni zan faɗi shekarun kowa. Yaya kuma bai san na rubuta wannan ba. Wanda ya kai masa labari, ya shirya zuwa da kansa ya zuba mini ruwa ranar Asabar, don na tabbata daga ranar ba zan ƙara samun mai sanyi ba.