Yadda Za Ka Riƙe Kujerar Majalisa Da Tanti Ɗaya Da Ƙundun Kaza

Kai da kake kwana kana mafarkin a kira ka Honarabul, matso kusa. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina riƙe da alli a firamaren Ebukhala, nan yammacin Kenya. Duk wanda ya taɓa wakiltar mazaɓar nan a majalisar dokokin gundumarmu ya zauna gaban allona, wasu ma sun ɗanɗani bulalata, saboda haka na san cikinsu da bayansu. Bi matakan nan yadda na jera su, ni kuma na lamunce maka zango biyu cur a kan kujera, da mota, da tumbi. Misalinmu Honarabul Jotham Shivachi ne, ɗalibina, wanda ya maimaita aji huɗu don lissafi ya ƙi zama a kansa, amma ya ci zaɓe sau biyu.

Mataki na 1: Yi alkawarin abu guda, kuma kada ka kuskura ka gama shi

Masu digiri za su ce maka aiki ke kawo ƙuri'a. Ban san a wane gari suka ga haka ba. Wanda Jotham ya gada ya gina mana ɗakin shan magani har da rufin kwano. Mutane suka zagaya ginin, suka ƙwanƙwasa bango, suka ce simintin bai kai ba, suka kayar da shi a zaɓe. Aikin da aka gama kowa na iya ganin aibinsa. Wanda ba a gama ba kuwa sai dai a yi ta sa rai.

Jotham gada ya zaɓa. Rafinmu ya raba mazaɓar biyu: kasuwa da makaranta da rumfar zaɓe a wannan gaɓar, gonakin rake da gidajen danginsa a waccan. Da damina mata ke tattare zane su ratsa ruwan da kwandon ayaba a ka. A zangon farko ya kafa ginshiƙi ɗaya, aka yi kiɗa. A na biyu ya kafa wani, aka yi rawa. Balbelun da ke sauka a kansu na gode masa har gobe.

Mataki na 2: Sayi tanti da kujerun roba

Rubuta sunanka a jikinsu da manyan baƙaƙe, wanda ko mai hakiya zai karanta. A nan jana'iza ba ta kwana ɗaya ba ce, kuma ruwan sama ba ya jin kunyar gawa. Duk gidan da aka yi rashi, tantinka ya riga akwatin gawa isa. Mutum yakan manta wanda ya biya wa ɗansa kuɗin makaranta, amma wanda ya hana surukansa jiƙewa ranar binne uwarsa, wannan sai kabari.

Mataki na 3: Koyi kuka da makirfo a hannu

Ka iso a makare, lokacin da fasto ya kai tsakiyar wa'azi, don kowa ya waiwayo. Sanin mamacin ba dole ba ne. Na taɓa zama bayan Jotham na ji ya sunkuya yana raɗa:

"Fasto, namiji ne ko mace?"

"Haba Honarabul, wakilinka ne fa a rumfar zaɓe."

"Ashe! Ni ko in ce me ya hana shi ɗaga waya."

Bai gama rufe baki ba aka miƙa masa makirfo. Ya yi kukan da matar mamacin ta tashi tana ba shi haƙuri. Da ya share hawaye sai ya sanar cewa burin marigayi na ƙarshe shi ne ya ga an gama gada.

Mataki na 4: A zauren majalisa, kama bakinka

Wanda ya yi magana za a naɗi muryarsa, wanda aka naɗi muryarsa za a yi ta yawo da shi a wayoyi. A zango biyu sau ɗaya aka ji muryar Jotham a zauren, ranar da ya roƙi kakakin majalisa a rufe taga don iska na bugun ƙeyarsa. An amince ba hamayya. Shi ne ƙudurinsa da ya samu shiga.

Kwamiti kuwa ka shiga wanda ke tafiye-tafiye. Jotham ya je ƙasar waje nazarin gadoji, ya dawo da hotonsa tsaye a kan wata, ya kawo mini har gida.

Na ce, "Jotham, ita wannan a jaka ka taho mana da ita?"

Ya ce, "Malama, ke dai ba kya canzawa. Ana kan nazari."

"Tun aji huɗu kake kan nazari, ɗana."

Mataki na 5: San wanda ake ba ƙundu

Nan ne asirin yake, sauran duk ado ne. Ka sani, na sani, in aka yanka kaza a gidan mutunci, ƙundunta na babban namijin da ke wurin ne. Ba na baƙo mai mota ba, ba na wanda ya sayi kazar ba, balle mace. In aka kawo kaza babu ƙundu, dattijon kirki ture kwanon yake yi gaba ɗaya. Na karanta littattafan kimiyya daidai gwargwado, ban ga inda aka ce tsokar nan ta san shekaru ko wando ba, amma ba a tambaye ni ba.

A dangin su Jotham ƙundu na Mzee Atsango ne, yayan mahaifinsa, tsoho mai sanda da kwat ɗin da ta girmi mazaɓar. Inda ya nuna da sandar nan, can mazan ƙetaren rafi ke dangwala yatsa. Shekara da shekaru, duk inda aka ajiye kaza, Jotham zai laluba romo ya tsamo ƙundun, ya miƙa da hannu biyu yana cewa, "Baba, ga naka." Tsohon ya gyaɗa kai, shi ke nan an gama kamfen.

Duba sakamako ka gani. Zaɓen farko ya tsallake da ratar da ba ta fi fasinjojin bas ɗaya ba. Na biyu kuwa, abokin karawarsa ya tashi da ƙuri'un da ba su kai yawan mutanen gidansa ba. Har yau kallon tuhuma yake yi wa matarsa.

Mataki na 6: Kada ka ci abinci kana waya

Zaɓe na uku ya ƙarato. Mai neman kujerar wannan karon Rosebella Khasoa ce, tsohuwar nas ɗin ɗakin shan maganinmu, wadda ta karɓi haihuwar rabin mazaɓar. Maza suka yi ta dariya a majalisar shayi: "Wadda ko ƙundu ba a ba ta, ita za a ba kujera?"

Ana cikin haka aka yi babbar jana'iza a ƙetaren rafi. Bayan binnewa aka jera manya a ƙarƙashin tantin Jotham, aka kawo ugali, tuwon masararmu, yana tururi da kazar gida. Jotham ya sha kuka ya gaji, yunwa na cinsa, ga waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa yana faɗa da mai buga masa fasta. Hannu ya shiga kwano shi kaɗai, ya fito da abin da ya saba fitowa da shi, amma maimakon ya yi dama wajen tsoho sai ya yi sama.

Ƙundu ba ya taunuwa a ɓoye. Ƙurus, ƙurus, har tebur na uku.

Mzee Atsango ya dubi kwanon, ya dubi muƙamuƙin ɗan ƙaninsa, sannan ya yafito mai ruwan wanke hannu, alhali ko loma bai kai ba.

"Baba, ba ka ci komai ba."

"Na ƙoshi, Honarabul." Bai taɓa kiransa da wannan sunan ba. "Ashe jana'iza biyu muka zo. Ni ba a gaya mini na mutu ba, sai da na ga magajina ya fara cin gado."

"Wallahi Baba mantuwa ce, wayar nan ce..."

"To ta zaɓe ka."

Ya ɗauki sandarsa ya fita cikin yayyafi. Dattawa suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, suka bar kujerun roba suna kallon mai sunan.

Mataki na 7: In ka yi ɓarna, kada ka gyara ta da kayan kanti

Mai hankali zai kama zakara da ransa, ya tafi da ƙafa, ya durƙusa. Jotham ya yi tunani irin na majalisa: in ƙundu ɗaya ya ɓata, ɗari za su gyara. Ya aika direbansa babban kanti a birni, aka ciko roba da ƙundu mai ƙanƙara, aka dire a ƙofar tsohon.

Mzee ya sa sanda ya juya su, suna ƙara kamar tsakuwa.

"Ina kajin?"

Direban ya ce, "Baba, haka ake sayar da su."

"Wato an yanka kaji ɗari a wani gida ba a kira ni ba, wasu sun cinye naman, ni aka aiko wa ragowa? Koma ka ce masa karnukana sun gode."

Mataki na 8: Tuna su wa suka iya ruwa

Ranar zaɓe aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya, rafi ya cika ya kawo iya ƙugu. Dattawan ƙetare suka zauna a gida, fushi suke yi. Samarin da Jotham ya raba wa riguna suka zo bakin ruwa, suka dubi ginshiƙai biyu, suka dubi wandunansu, suka ce bari ya ɗan janye. 'Yan babur suka ce injinsu ba kifi ba ne.

Sai ga mata. Suka tattare zane, katin zaɓe a cikin ɗankwali, suka shiga ruwan suna hira, kowace ta san inda dutse yake da inda rami yake. Zango biyu Honarabul ya yi yana horar da su kyauta. Da aka ƙirga, Rosebella ta ba shi ratar da bas uku ba za su kwashe ba.

Ka je majalisar shayi yau, za a rantse maka ƙundu ne ya kayar da Jotham. Ni dai na tsaya a layi a ranar, kuma duk wanda ke gabana da bayana zanensa na ɗigar ruwa.

A walimar nasara aka ajiye wa Rosebella kaza, Mzee Atsango na gefenta, kowa ya daina tauna. Ta sa cokali ta tsamo ƙundun, ta ɗaga shi ta ƙare masa kallo har wata a bayana ta fara guɗa. Sai ta russuna, ta miƙa da hannu biyu. "Baba, ga naka." Satin da ya wuce na ga sabon tanti da sunanta, kuma an ce za a kafa ginshiƙi na uku. Yarinyar nan za ta daɗe.

Gargaɗi

Wanda ya bi matakan nan ya faɗi, kada ya doso ƙofata. Wanda ya bi ya ci, shi ma kada ya doso. Ba ni da alhakin tumbi, ko hawan jini, ko surukin da ya daina gaisuwa, ko ƙundun da ya maƙale a wuya. Lissafi na koyar, shi ma ga yadda ya ƙare. Kuma na riga na gaya wa 'ya'yana: ranar tawa jana'izar a karɓi tantin, don ana ruwa, amma a ɓoye makirfon.